Maigida ya ce in mayar da sunansa a takarduna: nawa zan tanada, daga ina ake farawa?

Amaryar_TudunWada
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa bin wannan hanya. Wata huɗu ke nan da ɗaura min aure, maigidana ya ce yana so in cire sunan mahaifina a takarduna in sa nasa. Hujjarsa ita ce zai saka ni a inshorar lafiya ta wurin aikinsa, kuma yana da niyyar mu je Umara da azumi, wai idan sunanmu ɗaya ba za a tsaya yi mana tambayoyi ba. Abin da nake da shi: NIN, BVN da asusu a bankuna biyu, fasfo mai shekara 5 da na yi a 2023, katin zaɓe, takardun makaranta tun daga firamare har digiri, da ta bautar ƙasa. Ina koyarwa a makarantar gwamnati, albashina ta banki yake shigowa. Ban ƙi ba, ban kuma amsa masa ba tukuna. So nake in san abin da ke gabana.

Maman_Khalil
Wa alaikumus salam amarya. Allah ya sanya alheri, ya kawo ƙazantar ɗaki. Ni na yi a 2022, bari in faɗa miki yadda na bi. Farko takardar shaidar aure. Namu a masallaci aka ɗaura, ba wanda ya ba mu komai a rubuce, sai daga baya maigida ya je kotun shari'a da waliyyina da shaidu biyu aka rubuta mana. Daga nan sai babbar kotu, a yi miki takardar rantsuwa ta canjin suna. Sai jarida, a buga 'yar sanarwar nan cewa da ana kirana kaza, yanzu a kira ni kaza, takarduna na baya duk suna nan daram. Waɗannan ukun su za ki riƙe a hannu ki je a gyara NIN, sannan banki, sannan sauran.

Kuɗin kotu da na jarida ba su taka kara sun karya ba, duka biyun ban kashe dubu goma ba a lokacin. Abin da ya cinye ni kuɗin mota ne da ranaku. Wata biyar ina yawo da fayil a hammata, ga tsohon ciki.

DanKafe_SabonGari
Hajiya, wannan aikin kullum muna cike wa mutane fom ɗinsa, bari in ba ki farashin hukuma. Tun watan Mayun 2025 NIMC, hukumar da ke ba da NIN, na karɓar Naira 2,000 kan gyaran suna, kuma ta intanet ake nema yanzu. Katin zaɓe ba a biyan komai, amma sai INEC ta buɗe rajista. In kina da lasisin tuƙi, sabo za ki yi, Naira 15,000 na shekara 3, Naira 21,000 na shekara 5.

Babban dutsen shi ne fasfo. Ba a goge suna a tsohon littafi, sabo ake bugawa. Daga 1 ga Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara 5 ya koma Naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuma Naira 200,000. Naki da kika yi a 2023 sai 2028 zai ƙare, ke nan shekarun da suka rage masa sun tafi a banza. Kuma ba za ki ce bari in gyara NIN in bar fasfo ba, domin ranar da za ki sabunta shi sai sunan ya zo daidai da na NIN harafi da harafi.

Amaryar_TudunWada
Innalillahi. Dubu ɗari? Ai ya fi mafi ƙarancin albashi, da yake 70,000. Na gode Malam DanKafe.

Almajirin_Zaure
Kafin a kai ga lissafin kuɗi, ya kamata a fara tambayar ko ya halatta. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Ahzab, aya ta 5, a kira su da sunan ubanninsu, shi ne mafi adalci a wurin Allah. Zaidu ɗan Harisa ana ce masa Zaidu ɗan Muhammadu har wannan aya ta sauka, aka mayar masa da sunan mahaifinsa. Babu mijin da ya kai Manzon Allah (SAW) daraja, amma Nana A'isha ta zauna 'yar Abubakar, Nana Hafsa 'yar Umar. Nana Safiyya ma, da mahaifinta Huyayyu ya kasance babban mai adawa da Musulunci, ba a cire mata sunansa ba. 'Yar'uwa, mahaifinki ya yanka miki rago, ya biya kuɗin makarantar da ta ba ki wannan digirin. Ki bar masa sunansa.

Abu_Yasir
Malam Almajirin_Zaure, Allah ya ƙara ilimi, amma a yi wa mas'alar adalci. Akwai malaman da suka bambanta jingina nasaba da kuma gabatarwa don a gane mutum. Alƙur'ani da kansa ya ce matar Nuhu, matar Luɗu, matar Fir'auna. A Bukhari, da aka ce wa Annabi (SAW) ga Zainab tana neman izini, ya tambaya wace Zainab ɗin, aka ce matar Ibn Mas'ud. Da irin wannan ne majalisar fatawa ta Masar ta ce babu laifi mace ta ƙara sunan dangin miji, tunda kowa ya san ba cewa take shi ya haife ta ba. Ni matata ba ta canza ba, ban kuma nema ba, amma kada mu sa matan da suka riga suka yi su kwana da fargaba.

Almajirin_Zaure
Na yarda akwai wannan fahimtar, Malam Abu_Yasir. Amma duba misalan da ka kawo, duk akwai kalmar “matar” a tsakani. A katin NIN ina gurbin da za a rubuta “matar”? Mu a Hausa in ka ji Zainab Abdullahi, abin da kunnenka ya ji shi ne Zainab 'yar Abdullahi. Wurin Turawa sunan iyali ne da ake gada kaka da kakanni, mu kuwa sunan uba ne tsurarsa.

Gwaggo_Nas
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, ni na ga ƙarshen abin. Na kama aikin jinya a 1984, na ajiye a 2019 bayan shekara 35. A zamaninmu in kika shiga aikin asibiti ko koyarwa da aure, Misis wance za a fara kiranki ko kin so ko ba ki so ba, abin da aka gada ne wurin Turawa da 'yan mishan. Iyayenmu mata ba su san wannan ba. Mahaifiyata har ta rasu sunanta da na babanta ake faɗa. Maza ma ai hedimasta ne ke laƙa musu suna na biyu ranar shiga makaranta, wani na uba, wani na gari, shi ya sa kuka ji Shehu Shagari, Aminu Kano, Abubakar Tafawa Ɓalewa.

To ni takardar ɗaukata aiki da sunan mahaifina take. Takardun ƙarin girma tun daga 1990 da sunan maigida, Allah ya jiƙansa. Lasisina na aiki da sunan mahaifina. Asusun banki da sunan maigida, shi ma an rubuta Mohammed a wani wuri, Muhammad a wani. Duk shekarun nan ba wanda ya ce uffan. Ranar da na zo karɓar haƙƙina na ajiye aiki aka baje fayil, aka ce wannan mata uku ne, wacece a ciki ta yi aikin? Jaridar da na buga sanarwa a ciki ta ɓace tun wata ambaliya da ta shiga mana ɗaki. Sai da ɗana ya je ɗakin karatu aka tono tsohuwar jaridar aka yi mana kwafi aka buga hatimi. Wata goma sha ɗaya ban ga sisi ba, ga marayu a gabana.

Amarya, ban ce ki saɓa wa mijinki ba. Amma in za ki yi, ki yi shi duka a lokaci ɗaya, kada ki bar ko takarda guda a baya.

Maman_Khalil
Allah sarki Gwaggo. Wallahi jikina ya yi sanyi, domin ni ma asusun fanshona har yau sunan babana ne a kai. Gobe in sha Allah zan kira su.

Amaryar_TudunWada
Gwaggo na gode, Allah ya jiƙan Baba. To amma ta yaya zan yi duka? Digirina da WAEC su ma ana canza su?

Malama_Registiri
Ba a canzawa, ƙanwata. Takardar jarrabawa da ta digiri da sunan da kika zauna jarrabawar suke fita, haka za su zauna. Aure ba ya cikin dalilan da ake sake buga su. Abin da ke haɗa tsohon sunan da sabon shi ne takardar rantsuwar nan da shafin jarida, ke nan duk inda za ki nemi aiki, ko digiri na biyu, ko tallafin karatu, ko tantance ma'aikata, sai kin haɗa da su har ƙarshen aikinki. Shawarata ga duk wadda ta yi: ki sayi jaridar ranar kwafi uku, cikakkiya, kada ki yanke gurbin sanarwar kaɗai, domin ana son a ga sunan jaridar da kwanan wata a saman shafin. Ki ɗauki hotonta ki tura wa kanki ta imel. Ɗaya ki kai gidanku a ajiye miki.

Injiniya_BK
Ni fa ina ganin ana tsorata yarinyar nan. Matata ita ta nemi ta canza, ni na biya komai, cikin wata biyu muka gama. Yau in mun je asibiti ko filin jirgi ni da ita da yara suna ɗaya, ba mai tambaya. Akwai daɗi a ce gida ɗaya suna ɗaya. In mijinta zai ɗauki nauyin, mene ne abin damuwa?

Yar_Katsinawa
Injiniya, Allah ya bar ku tare har Aljanna. Ni bari in faɗi nawa, ko da yake ba na son tunawa.

Na yi aure ina da shekara 22, ina ɗoki, kafin wata uku na mayar da komai sunansa. Shi ya biya, kamar yadda ka biya. Shekara shida muka yi, yara biyu, zama ya ƙare. Na gama idda a ɗakin mahaifiyata, amma duk lokacin da kuɗi ya shigo wayata sunansa nake gani. In je asibiti a ƙwala kira da sunansa in miƙe. Ya yi wani auren, amaryarsa ma ta sa sunan, muka zama mu biyu. Ɗinki nake yi, duk wadda za ta turo min kuɗi sai ta ce, Anti ai sunan wane ya fito, kun koma ne?

Da na tashi cirewa ba wanda ya biya min ko kwabo. Wata sabuwar rantsuwa, wata jarida, takardar saki daga kotu, kuma a kowane tebur sai na buɗe baki na faɗa wa baƙon namiji cewa aurena ya mutu, mutane na layi suna ji. Wani ma har ya ce in yi haƙuri in koma ɗakina mana. Kuɗin da na kashe na manta adadinsa, wannan tsayuwar ce ban manta ba. Fasfo har yau ban iya sakewa ba, yana nan da sunansa a ƙasan akwati.

Yanzu na sake aure, mijina mutumin kirki ne, ya taɓa tayar da maganar sau ɗaya. Na ce masa sunan Malam babana zan shiga kabari da shi. Bai sake magana ba.

Ummu_Sultan
Yar_Katsinawa kin sa ni hawaye. Allah ya musanya miki da alheri. Abin da ba a son faɗa wa amare ke nan, kowa na tsoron a ce ya yi mata mugun baki.

Injiniya_BK
Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, ban yi tunanin wannan ɓangaren ba. Amma dai ba a shiga aure da lissafin fita.

Ummu_Sultan
Ba a shiga da lissafin fita, Injiniya, amma ko ba saki akwai mutuwa, kuma bazawara tana sake aure. Namiji kuwa ko mata huɗu ya aura ya rabu da su, ko wasali ɗaya ba ya canzawa a takardunsa.

Dan_Maradi
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar abin ya ɗan bambanta, mun gaji tsarin Faransa. Sunan da ke kan takardar haihuwa shi ne sunan mace har mutuwa. Na miji ana ɗora shi a gaba ne wurin aiki, a wasiƙa ko a rediyo, a ce Madam wane sannan a faɗi sunanta, wani lokaci a ƙara kalmar Faransanci née, wato wadda aka haifa da suna kaza, a kawo na mahaifinta. In auren ya ƙare sai a sauke Madam wane kawai, asalin yana nan ba a taɓa shi ba. Na yi mamaki da na ji ku har jarida kuke bugawa.

Kopa_Zamfara
Wallahi Dan_Maradi naku ya fi sauƙi. Mu da yawanmu bautar ƙasa ce ta sa muka canza. A lokacinmu in matar aure na son a bar ta a jihar mijinta, cikin takardun da ake nema har da shafin jarida na canjin suna. Ni da ƙawayena uku rana ɗaya muka buga. Ba wadda ta yi niyyar canzawa har zuci, muna gama hidima muka ci gaba da sunan iyayenmu.

Malama_Registiri
Kopa_Zamfara, NYSC ta cire wannan sharaɗin a ƙarshen 2024, yanzu matar aure ba sai ta ɗauki sunan miji ba kafin a mayar da ita inda yake. A sanar da ƙanne masu tasowa, domin har yanzu wasu masu kafe suna ce musu dole ne. Ke kuma ki duba, in kin yi rantsuwa a kotu kin buga a jarida cewa kin bar sunan farko, sannan kika ci gaba da amfani da shi, kina da takardu biyu masu karo da juna. Gara ki je ki yi wata rantsuwar da ke cewa duk sunayen biyu naki ne.

DanKafe_SabonGari
Gaskiya ne Malama, akwai abokan sana'armu da ke faɗin haka don su samu na jarida. Ni dai ba na yi. Kuma Hajiya amarya, duk wanda ya ce ki kawo NIN ɗinki da kuɗi zai gyara miki ta bayan gida cikin awa ɗaya, ki guje shi. Wata ta zo shagona tana kuka, ta ba wani 25,000, ya ba ta takarda mai sabon suna, da aka duba a banki tsohon sunan ne a na'ura. Takardar kawai ya ƙera a kwamfuta.

Binta_Kanta
Ni a banki nake aiki, teburin kula da abokan hulɗa, kullum da wannan nake kwana nake tashi. Gyaran suna a BVN ta bankinki ake yi, ki zo da takardar aure, rantsuwa, jarida da NIN da aka riga aka gyara. Kada ki fara da banki, NIN ne gaba. Tun umarnin da Babban Banki ya bayar a Disambar 2023, cikakken asusu sai an haɗa shi da BVN da NIN duka biyun, don haka in suka saɓa za ki iya wayar gari asusu ya ƙi motsi. Kuma gyara BVN ba ya nufin bankinki na biyu ya gyara sunan asusunki da kansa, sai kin taka kin je can ma kin cike fom.

Tunda ma'aikaciya ce ke, ga inda mata ke faɗawa rami: sunan da ke takardar biyan albashi a ma'aikata na nan na da, na asusu ya zama sabo, ranar biya kuɗi ya ƙi shiga. Na ga malamar da ta yi wata uku a haka. Ki rubuta wa ma'aikatarku ta hannun shugaban makaranta tun kafin ki taɓa banki, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, kuma ki fara aikin washegarin shigar albashi don ki samu sarari. Sannan ki zauna da maigida ku tsayar da rubutu ɗaya. In Abdullahi ne Abdullahi, kada wani wuri ya zama Abdullah ko Abdulahi. Rabin matsalar da nake gani ba ta aure ba ce ma, ta harafi ɗaya ce.

Sauran da ake mantawa: layin waya, asusun fansho, hannun jari in kina da shi, takardar fili, rajistarki ta malanta, da ƙananan asusun waya da ake karɓar kuɗi da su.

Alhaji_Jirgin_Yawo
A kan maganar Umara, shekarata 14 ina harkar biza da tikiti. Ba a taɓa dawo min da fasfon mace don sunanta bai zo ɗaya da na miji ba. Ai su Larabawan kansu matansu ba sa ɗaukar sunan miji, Balarabiya 'yar wane take har ta mutu. Abin da ake dubawa fasfo ya kasance da aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, kuma sunan tikiti ya zo daidai da na fasfo. Nata na 2023 lafiyarsa ƙalau. Abin da nake tsoro ma shi ne ta taɓa NIN yanzu, sabon fasfo bai fito ba azumi ya kama. Ku je ku dawo tukuna, in ya so a yi maganar.

Dr_Fatee
Inshorar ma haka. A tsarin ma'aikata na NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ana saka mata ko miji da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Shaidar aure da hoto da NIN aka nema a wurina lokacin da na saka mijina, kuma sunanmu ko kusa bai yi kama ba. Babu wata dokar Najeriya da ta wajabta wa mace canza suna don ta yi aure. Hadiza Bala Usman ga ta nan, ta riƙe manyan muƙamai da sunan mahaifinta. In an koma baya, Nana Asma'u matar Waziri Giɗaɗo ce, amma duniya 'yar Shehu ta san ta.

Sadiya_Manchester
Daga Ingila nake. Na zo a matsayin matar ɗalibi da fasfo mai sunan babana, takardar aure kawai muka haɗa, tare da fassararta tunda da Larabci da Hausa aka rubuta ta. Matsala ɗaya da na taɓa samu ita ce tafiya da yaro ni kaɗai, jami'i ya tambayi alaƙarmu tunda sunanmu daban. Na nuna takardar haihuwarsa ya ce mu wuce. Tun daga nan tana cikin jakata.

Injiniya_BK
To kun gani, abin da nake faɗa ke nan. Wannan tambayar ita nake guje wa iyalina.

Sadiya_Manchester
Minti biyu ne fa, Injiniya, sau ɗaya cikin shekara bakwai.

Baban_Ilham
Me zai hana a raba gardama? Ta bar sunan mahaifinta a tsakiya ta ƙara na miji a ƙarshe. Haka matata ta yi, kowa ya samu nasa.

Binta_Kanta
Baban_Ilham, ta fuskar zumunci ya yi, amma ta fuskar aljihu duk ɗaya ne. Ko harafi ɗaya aka ƙara, hanyar nan dai za a bi tun daga kotu har fasfo. Kuma ita da ma tana iya samun suna uku a NIN, ka ga sai an zubar da ɗaya.

Gwaggo_Nas
Akwai abin da ban ji an taɓo ba. Amarya, wane sunan nasa za ki ɗauka? A ce sunansa Abdullahi Musa. In kika ɗauki Musa, kin zama 'yar surukinki a takarda, ke da mijinki kamar wa da ƙanwa. In kika ɗauki Abdullahi, gobe in Allah ya ba ki 'ya mace ke da ita kamar ya da ƙanwa. Na taɓa ganin rabon gado a danginmu da aka kawo takardar fili da sunan Hauwa wane, ga matar mamacin Hauwa, ga 'yarsa ta wani ɗakin ita ma Hauwa, dukansu da sunansa a ƙarshe. Sai da aka nemo dattawan da suka shaida cinikin, biyu a cikinsu sun rasu. Har yau ɗakunan nan biyu ba sa gaisawa.

Abu_Yasir
Gwaggo, wannan hujjar taki ta fi duk wadda muka kawo ƙarfi a wurina. Ko malaman da suka halatta sun sa sharaɗin kada a samu ruɗani a nasaba.

Almajirin_Zaure
Alhamdu lillah. Sai dai ina roƙon 'yan'uwa mata, wadda za ta yi wa miji wannan magana ta yi da ladabi, ta zaɓi lokaci. Da yawan maza ba mugunta ce ta sa su ba, gani suke wata alama ce ta cewa an zama ɗaya.

Maman_Khalil
Ni dai tunda na riga na yi ba zan sake bin layin nan ba, Allah ya sani ban yi don in guji babana ba. Shi da kansa ya raka ni kotu ma. Amma Khadija ƙanwata da za a kai watan gobe na ce mata ta dakata.

Amaryar_TudunWada
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, musamman Gwaggo da Anti Yar_Katsinawa da ta buɗe mana cikinta. Jiya da daddare bayan ya ci abinci na nuna masa bayanin Alhaji da na Dr_Fatee. Ya yi shiru, ya ce shi bai san fasfo ya kai haka ba, kuma zai tambayi ofishinsu ko takardar aure ta isa. Ya amince mu bar komai har mu dawo Umara. Amma ya ce har yanzu ransa na so, ko da a katin asibiti ne da wurin aikina a riƙa kirana da sunansa. Ban ba shi amsa ba. Baba kuma bai san ana wannan maganar ba, ni ce 'yarsa ta fari, shi ya kai ni jami'a a bayan babur ranar rajista, ban san da wane baki zan fara ba. Takardar auren ma ba mu karɓo ba tukuna, ita za mu fara nema ranar Litinin.

Binta_Kanta
Katin asibiti ma ki yi hattara amarya, in na inshora ne da NIN ake haɗa shi. A baki kowa ya kira ki da abin da ya ga dama, a rubuce ki tsaya kan guda.

Maryama_Gombe
Don Allah kafin a watse, ni tawa matsalar daban ce. Lokacin da na je canza suna bayan aure, wanda ya cike min fom ya sa shekarar haihuwata 1998 maimakon 1996, ban lura ba sai yanzu da zan nemi aiki. Malam DanKafe, shi ma 2,000 ne?

DanKafe_SabonGari
A'a Hajiya, ranar haihuwa kuɗinta daban, Naira 28,574 ne, kuma sai kin kawo takardar haihuwa ko ta shaida daga hukumar ƙidaya. Ki fara duba wace shekara ce a WAEC ɗinki da BVN, ki faɗa min, sai mu san ta inda za a kama.